Ranar da Goggo Mai Wanki Ta Zo Garinsu Baƙunta

Garin ba shi da abin nunawa in ban da ruwan. Can bayan gidaje, inda duwatsu suka haɗa kafaɗa, ruwa ke sakowa daga sama ya faɗo ƙasa da ƙarfin tsiya, fari fat, ƙararsa har cikin ɗakunan mutane. 'Yan gari sun daɗe da daina jin ƙarar. Baƙi ne ke cika mota su taho daga nesa, su tsaya gabansa sororo. Wai 'yan yawon buɗe ido ake ce musu, amma duk wanda ya gan su ya san baki suka fi buɗewa.

A garin nan aka haifi Goggo Mai Wanki, a nan ta yi aure, a nan mijin ya rasu ya bar ta da ɗaki da bokitai. Tun kafin furfura ta fito mata take wankin masaukin baƙi: tawul, zanen gado, rigar filo. Da sassafe ta bi ta ƙofar baya ta kwaso, ta ƙulle a zane, ta gangara rafi, can ƙasa inda ruwan ya gama haukarsa ya kwanta luf. Tana da dutsenta mai faɗi wanda ko ba ta nan babu mai taɓawa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba ta tawul ta karanta maka shi tas. Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan mai shafe-shafe ce, ga rabin fuskarta nan ta bari." Ta ɗaga wani ta ce, "Wannan kuma takalmi ya goge da shi, Allah ya saka mini." Haka ta san baƙi, ta dattin da suka bari.

Saman kuwa, inda ake rububin zuwa, rabonta da shi tun tana yarinya mai ɗebo itace. Tun da aka kafa ƙofa aka zuba matakalar siminti ba ta taka ba. In an tambaye ta sai ta ce, "In hau in ga me? Ruwan da zai sauko ya same ni har inda nake?"

Haka take zaune lafiya da talaucinta har ranar da Auta ta zo.

Auta ƙanwarta ce ciki ɗaya. Goggo ce ta goye ta, ta share mata majina, ta yi mata kitso tana tsala ihu. Wani mai gyaran rediyo ya aure ta ya tafi da ita birni, Allah ya buɗa masa, Auta ta yi ƙiba ta yi fari, ba a ganinta a garin sai in an yi rasuwa. Wannan karon babu wanda ya mutu. Aikowa ta yi cewa tana tafe da 'yarta da jikoki, ganin ruwa za su zo. Goggo ta share ɗaki, ta aro katifa a maƙwabta, ta kama zakaranta ta ɗaure.

Sai ga su a motar baƙi, doguwar nan mai labule a taga. Auta ta sauko da malafa da baƙin tabarau, ta rungume ta sama-sama.

"Yaya, kar ki wahalar da kanki, yara sun riga sun kama mana ɗaki a masauki. Kin san ba su saba da banɗakin tsugunno ba."

"To," in ji Goggo. Ta koma gida ta kwance zakara.

Washegari ta je kwasar wanki, ta tsaya a ƙofar baya tana leƙen ta gaba. Manaja, wanda in Goggo ta gaishe shi da hanci yake amsawa, ya rusuna wa Auta har tumbinsa na taɓa gwiwa. Aku, mai raka baƙi sama, wanda aka laƙaba wa sunan don bakinsa ba ya hutu, ya karɓe mata jaka. Masu talla suka yanyame ta.

"Hajiya, sannu da zuwa! An sha hanya! Daga ina?"

Auta kuwa ta gyara tabarau tana amsawa da ƙyar, sai ka ce ba a bayan shagon mai shayin can aka binne cibiyarta ba.

A rafi Goggo ta kwance ƙulli, ta ɗaga wani tawul, warin man zafi ya bugi hancinta. Irin wanda tsohuwarsu ke shafa wa gwiwa ne, Auta ta gaji ciwon ta gaji maganin. Goggo ta riƙe tawul ɗin tana kallo. Wato ta goye ta tana ƙarama, yanzu kuma tana wanke mata tawul tana Hajiya. Ta jiƙa shi, ta shiga maka shi da dutse, tim, tim, har mai wankin da ke gefenta ta ce, "Goggo, zaginki ya yi ne?"

Ranar tafiya Auta ta leƙo gida tsaye-tsaye, ta miƙo mata hoto a cikin gilashi. Ita ce tsaye kan dutse, ruwan na zuba a bayanta, gyale na tashi, haƙora a waje.

"Yaya, ga wannan ki rataya. Ashe haka ruwan nan yake da kyau! Ki daure ki hau wata rana. Wallahi mutum na zaune kusa da abu bai san darajarsa ba."

Goggo ta kai hoton nesa da ido ta duba. "Allah ya amfana. Hancin ya fito sosai."

Ta rataya shi, don kar a ce. Daga ranar barcin rana ya ƙaurace mata. Ta kwanta, Auta na yi mata dariya daga bango. Ta juya hoton ya kalli bango, sai ta ji kamar bangon ma dariya yake. Ba dukiyar Auta ce ta tsaya mata a maƙogwaro ba, ta wanke wa waɗanda suka fi Auta nesa ba kusa ba. Sannu da zuwan nan ce. Ta duba rayuwarta kaf, ba ta tuna ranar da wani a garin ya dube ta ya ce sannu da zuwa, daga ina. Wa zai ce? Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba balle ta dawo. Ita ke share gari, ita ke wanke shi, amma daɗin garin na wanda ya sauko daga mota ne.

To, in motar ce, ai ba a rubuta sunan kowa a jikinta ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. A ɗakin wanki na masauki akwai kwalin kayan da baƙi ke mantawa, ta zaɓi malafa mai faɗi da tabarau mai ƙafa ɗaya a karkace. Ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati, wadda take ajiya don biki. Da asuba ta bi motar 'yan kasuwa zuwa mararraba, inda motar baƙi ke tsayawa shan mai. Ta zauna a inuwa ta ɗora malafa, ta maƙala tabarau, duniya ta yi mata duhu kamar hadari ya haɗo.

Da hantsi mota ta iso. Goggo ta miƙe ta nufi ƙofa tana tafiya a hankali, irin ta masu abin hannu.

"Malam direba, nawa ne zuwa ganin ruwa?"

Direba ya leƙo, ya ƙura mata ido. "A'a! Goggo? Me ya fito da ke mararraba? Ciwon ido kike?"

"Tambayarka na yi, malam direba."

"Malam direba kuma? Ni ne fa, Goggo. Shiga ki zauna, wa zai karɓi kuɗinki? Yauwa, Allah ne ya kawo ki, riƙe mini galan ɗin nan, manaja ne ya yi saƙon man janareta."

Haka ta shigo garinsu a kujerar ƙarshe, galan a cinya, warin fetur na hawa mata kai. Duk da haka ta ɗaga labule ta kalli titi yadda ta ga baƙi na yi. Ga shagon mai shayi, ga tela, ga igiyar shanyarta can a bayan gida, har da zanen da ta manta ba ta kwashe ba.

Mota na tsayawa masu talla suka rugo, kowa na tura faranti ta taga. Wata mai sayar da mafici ta iso tagar Goggo da murmushi har kunne.

"Hajiya, sannu da..." Ta tsaya. Ta juya ta ce wa na baya, "Kai, ku wuce gaba, Goggo ce." Ta sake leƙowa. "Goggo, yau tawul ne ke wanke kansa?"

"Uwarki ce ke wankewa," in ji Goggo, ta saki labule.

A ƙofar shiga aka yi layi. Ƙa'idar wurin kuwa, baƙo ya yanki tikiti ya bi ta ƙofa, ɗan gari ya bi ta gefe, ta wata 'yar hanya da awaki suka fitar, ba ya biyan komai. Goggo ta shiga layi ta tsaya ƙiƙam. Mai ƙofa ɗan ƙanen mijinta ne, a hannunta ya girma.

"Tikiti ɗaya."

"Goggo, so kike a tsine mini a gari? Ga hanya can ta gefe."

"Ni akuya ce? Ta ƙofa zan shiga."

"To shiga ta ƙofa, gidanki ne. Amma hannuna ba zai taɓa kuɗinki ba."

"Yago mini takardar, kowa na riƙe da tasa."

Ya sosa ƙeya, ya duba layin da ya fara ƙunƙuni, ya sunkuya ya tsinci wani tsohon tikiti da aka tattake a ƙasa, ya kaɗe ya miƙa mata. Ta fizga ta wuce. Ya ɗaga murya a bayanta, "Goggo, in kin sauko ki leƙa gida, jaririn ya ƙi kama nono tun jiya!"

Aku ne ya ja su sama. Yana tafe yana zuba, wai wata 'yar sarki ce a zamanin da ta zauna kan dutsen tana kukan masoyinta, hawayenta ne har yau ke zuba, kuma duk macen da ta wanke fuska da ruwan sai ta koma yarinya. Goggo ta san ranar da aka haifi labarin nan, a bencin mai shayi Aku ya ƙera shi. Amma yau ita baƙuwa ce, baƙo kuwa aikinsa mamaki.

"Kai!" ta ce da ƙarfi. "Ikon Allah! Malam, da gaske?"

Aku ya yi tuntuɓe da harshensa. Ya ci gaba, wai sarkin ya turo mayaƙa.

"Wayyo! Sai kuma aka yi yaya, malam?"

Gumi ya karyo masa. Ya ja da baya ya raɗa mata, "Goggo, don girman Allah, abincina ne fa."

"Ni me na yi? Tambaya nake, ban san garin ba."

Inda matakala ke da santsi ya tsaya yana miƙa wa mata hannu ɗaya bayan ɗaya, a hankali Hajiya, taka nan Hajiya. Da aka zo kan Goggo ya maida hannunsa aljihu. "Ke ai kin fi ni sanin hanya." Ta hau da kanta, gwiwoyi na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wata baƙuwa mai goyo, da ta lura kowa na gaishe ta, ta matso ta ce, "Mama, ke 'yar nan ce ko? Don Allah ina banɗaki?"

"Ban sani ba," in ji Goggo. Amma yatsanta ya riga ya nuna.

Sai ga ruwan. Ta cire tabarau. Gaskiya ɗaya ce, abin ya wuce yadda ta bar shi a ranta. Yana sakowa kamar sama ce ta yage, feshinsa na sauka a fuska sanyi ƙalau, ga bakan gizo ya tsaya a tsakiya ba ya motsi. Ta daɗe tana kallo, har ta manta da gwiwa. Can kuma abin ya dawo ya soke ta: wato duk wannan Auta ta riga ta gani. A garinta, a ruwanta, sai da Auta ta zo daga birni ta gani ta ba ta labari.

Ta nufi mai hoto. Tsaya-Haka ake ce masa, don kalmar da ke bakinsa ke nan tun safe har yamma. Ta tsaya tana kallon yadda yake yi wa baƙi: ya ɗaga wa wannan haɓa, ya gyara wa waccan gyale, ya ba su dariya, ya durƙusa cikin ruwa har wandonsa ya jiƙe don hoto ya yi kyau. Da layi ya zo kanta ta hau dutsen, daidai inda Auta ta tsaya, ta fara laluben yadda za ta yi da hannuwanta.

"Goggo, tsaya haka." Ƙyas. "Shi ke nan."

"Shi ke nan me? Ko tsayuwa ban gama ba! Auta ai sai da ka durƙusa mata a ruwa."

"Goggo, Hajiya ai baƙuwa ce. Naki kyauta ne, gobe in na biyo ta rafi zan miƙo miki. Matsa, ana jira."

Ta sauko. Ta samu wani dutse a gefe, nesa da mutane, ta zauna ta maida tabarau don kar a ga idonta. Ta tashi da asuba, ta sha warin fetur, ta kashe gwiwa, ga shi ta ƙare da tikitin da aka taka da hoton sadaka. Kyautar nan tasu ce ta ishe ta. Duk wanda ya ce mata bar shi kyauta ne, ji take kamar ya ce koma bakin dutsenki.

"Hajiya, sannu da zuwa. An sha hanya."

Goggo ta waiga ta ga wace Hajiya ce a bayanta. Babu kowa sai dutse. Wata matashiya ce durƙushe a gabanta da faranti, lalle bai gama goge mata a ƙafa ba. Amaryar kafintan garin ce, daga wani gari aka kawo ta kwanan nan, ba ta fara zuwa rafi ba balle ta san mutane.

"Daga ina, Hajiya?"

Goggo ta gyara zama. "Daga nesa."

"Ai da gani babu tambaya. Tashi in shimfiɗa miki, dutsen da sanyi, kar ya ɓata miki atamfa." Ta cire ɗan mayafinta ta shimfiɗa. Ta karɓi tabarau ta goge feshin ruwan da bakin zane, ta maida mata da hannu biyu. "Malafar nan ta karɓe ki, wallahi. Mutanen birni kun iya zaɓe."

Goggo ta tura hannuwanta ƙarƙashin gyale, don sabulu ya riga ya rubuta sana'arta a kansu. "Haka dai ake cewa," ta ce, tana jan murya yadda Auta ke yi.

A farantin duwatsu ne ƙanana masu sulɓi, an zana musu ruwa da fenti shuɗi da fari. Amarya ta ɗauki ɗaya ta ɗora mata a cinya. "Wannan daga ƙarƙashin ruwan aka ciro shi, Hajiya, inda yake dukan ƙasa. Sai mai ƙarfin hali ke shiga. Ki kai wa jikoki tsaraba."

Goggo ta san dutsen. Irinsa ne birjik a bakin rafi inda take wanki, da shi take goge kaushi. Ta tambayi kuɗi, amarya ta faɗa ko ƙifta ido ba ta yi ba. Kuɗin baƙi ne tsantsa, wanda ɗan gari zai ji ya riƙe ciki don dariya. Goggo ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Ta yi ɗan tayi, irin na baƙi, wanda ba ya rage komai. Amarya ta rantse wai faɗuwa take yi. Goggo ta kwance bakin zane ta biya.

"Allah ya kai ki gida lafiya, Hajiya. A gaida mutan gida. Sai kin sake zuwa."

"Za su ji," in ji Goggo.

Ta sauko matakala dutse a hannu, ba ta ko ji gwiwar ba. Sai dai gari ƙarami ne, kafin ta kai gida labari ya riga ta. Mai mafici ta gani daga nesa, ta gaya wa mai shayi, shi kuma duk wanda ya sha shayi ya sha da labarin. Da la'asar ta ji sallama. Kafinta ne, hula a hannu, amarya a bayansa ido ya yi ja, kuɗi a dunƙule a tafinta.

"Goggo, ki yi haƙuri, ba ta san ki ba. Na yi mata faɗa. Ke, matso ki ba ta haƙuri."

Amarya ta zube ƙasa. "Goggo, don Allah ki yafe mini."

Goggon nan da ta fito daga bakinta ta fi komai yi wa tsohuwar ciwo. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa kika sayar wa dutse?"

"Ke, Goggo."

"Ni? Ni mai wanki ina na ga kuɗin sayen dutse? Hajiyar da kika sayar wa ta bi motar yamma. In maida mata za ki yi, sai ki bi ta."

Kafinta ya yi gyaran murya. "Goggo, ai ga dutsen can kan taga."

"Ajiya ta ba ni. Kai kuma da ka iya faɗa, wa ya aike ka? Yarinya na sana'arta ka je ka buɗe mata ido. Ku tashi ku ba ni wuri, ina da jiƙo."

Suka fita da kuɗinsu suna waige.

Ba ta sake hawa saman ba. Ƙofar ɗakinta ta lalace tun damina, tana kuka duk buɗewa, amma ta ƙi kiran kafinta, ta ce gara ta faɗo mata a ka. Amaryar kuwa ta zama 'yar gari, har ta haihu, in sun haɗu a rafi sai ta rusuna ta ce Goggo ina kwana, Goggo ta amsa a taƙaice. Abin da ba ta iya jurewa shi ne wucewa ta tasha da ƙullin wanki a ka daidai lokacin da motar baƙi ta tsaya. Sai ta jiyo muryar nan a cikin hayaniya, mai laushi, tana ce wa wata ƙatuwa mai malafa, "Hajiya, sannu da zuwa, daga ina?"

Goggo ta ja tsaki ta ƙara sauri. "Munafuka. Ashe haka take ce wa kowa."